Ko Faɗuwa da Gangan Hanyar Tashi Ce?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filin nan da ka saba ba ni, don in sa baki cikin wata gardama wadda ta daɗe tana yawo tsakanin masu sha'awar wasan ƙwallon kwando na ƙasar Amurka. Gardamar kuwa ita ce: in ƙungiya ta ga ƙarfinta bai kai ta ci kofi ba, shin daidai ne ta rushe kanta da gangan, ta yarda a yi ta cinye ta shekara da shekaru, don ta sami damar zaɓen samari gwanaye? Ko kuwa wannan ha'inci ne aka sa masa rigar hikima? Kada mai karatu ya ce ai zancen wasa ne, ya wuce. A cikinsa akwai dukiya mai yawa, akwai amanar jama'a masu biyan kuɗin shiga, akwai kuma ƙuruciyar 'ya'yan mutane, wadda in ta wuce ba ta komowa.

Kafin mu shiga gardamar, ya kamata in bayyana dokar da ta haife ta. A shekarun da zan yi magana a kansu, babbar gasar Amurka da ake kira NBA tana da ƙungiyoyi 30, kowace tana yin wasa 82 a shekara. Saurayin da ya fito daga makaranta ba shi da ikon zaɓen ƙungiyar da zai shiga. Akwai rana ɗaya a shekara da ƙungiyoyi ke zaɓen samari bi da bi, zagaye biyu, kimanin mutum 60. Don kada masu ƙarfi su yi ta ƙara ƙarfi, masu rauni su mutu, sai aka shirya cewa wadda ta fi shan kashi ita ke da rabon fara zaɓe. Niyyar doka kyakkyawa ce, watau a tallafi na ƙasa. Amma fa duk inda aka ce raggo ne zai fara ɗiba a akushi, sai ka ga ƙato ya kwanta yana nishi.

Ba yau aka fara ba. A shekarar 1984 ƙungiyar Houston ta yi ta faɗuwa a ƙarshen shekara har mutane suka yi zargin da gangan ne, ta kuwa sami zaɓe na ɗaya, ta ɗauki Hakeem Olajuwon, ɗan Ikko, wanda daga baya ya ciyo mata kofi a 1994 da 1995. Saboda irin wannan zargi, a 1985 aka kawo ƙuri'a, don kada faɗuwa ta zama tabbacin samu. Duk da haka, a zamanin da muke magana, wadda ta zo ta ƙarshe tana da rabo 25 cikin 100 na samun zaɓe na ɗaya. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, gama za mu komo kansa.

To, a watan Mayu na 2013 ƙungiyar birnin Filadelfiya, wadda ake kira 76ers don tunawa da shekarar 1776 da aka yi shelar 'yancin Amurka a birnin, ta naɗa wani mutum mai suna Sam Hinkie ya kula da sha'anin 'yan wasanta. Mutum ne mai lissafi. Ya duba ya ga rabon ƙungiyar da kofi tun 1983, ya ga kuma ta daɗe tana tsaka-tsaki: ba ta da ƙarfin cin kofi, ba ta kuma yi raunin da za ta sami babban zaɓe ba. Sai ya yanke shawara ya rushe ginin har tushe. Abu na fari, ya ba da Jrue Holiday, wanda shi ne gwaninsu, matashi kuma, ya karɓi Nerlens Noel, zaɓe na 6 na wannan shekara, wanda gwiwarsa ke da rauni har bai buga ko wasa ɗaya ba a shekararsa ta fari, tare da wani zaɓe na shekara mai zuwa. Daga nan duk ɗan wasan da ya yi daraja sai a musanya shi da zaɓen gaba. Har Michael Carter-Williams, wanda aka ba lambar gwanin sababbin shiga a 2014, bai tsira ba, a watan Fabrairu na 2015 aka ba da shi.

Ga abin da littafi ya nuna. Shekara ta fari sun ci wasa 19, an cinye su 63, a ciki har da 26 a jere. Ta biyu sun ci 18, an cinye su 64. Ta uku sun ci 10, an cinye su 72, saura ƙiris su kamo 9 da 73 na 1973, wanda shi ma a gidansu aka yi shi. Daga ƙarshen shekara ta biyu zuwa farkon ta uku an cinye su sau 28 ba hutu. In ka tara, cikin shekara uku nasara 47, faɗuwa 199. Magoya bayan shirin suka riƙa yi wa juna kirari da cewa a dogara ga shiri, a yi haƙuri.

Bari in fara faɗin hujjar masu goyon bayansa, in kuma faɗe ta da ƙarfinta, don ba adalci ba ne mutum ya raunana maganar abokin gardamarsa sa'an nan ya kayar da ita. Suna cewa wannan wasa mutum biyar ne kawai a fili, saboda haka gwani ɗaya tak yana iya juya al'amarin ƙungiya duka, ba kamar ƙwallon ƙafa mai mutum goma sha ɗaya ba. Irin wannan gwani kuwa galibi a saman zaɓe ake samunsa. Suna kawo misalin San Antonio, wadda ta ci 20 aka cinye ta 62 a shekarar da David Robinson ya yi jinya, ta sami Tim Duncan a 1997, ta ci kofi biyar tsakanin 1999 da 2014. Suna cewa tun da ba wanda ya san saurayin da zai yi albarka, hikima ita ce ka tara zaɓe da yawa, kamar manomin da ke shuka iri a gona da yawa don bai san inda ruwa zai sauka ba. Suna kuma nuna Joel Embiid, ɗan Yawunde ta ƙasar Kamaru, wanda Hinkie ya ɗauka a zaɓe na 3 a 2014, alhali ƙashin ƙafarsa a karye yake. Shekara biyu cur bai buga ba, a ta uku wasa 31 kaɗai ya yi, amma da ya miƙe sai ya fi kowa zura ƙwallo a 2022 da 2023, aka kuma ba shi lambar gwanin gwanaye a 2023. Ƙungiyar da ta ci wasa 10 a 2016 ta ci 52 a 2018. Suka ce, to, mai haƙuri bai dafa dutse ba ke nan?

Wannan hujja ba ta banza ba ce, ni ma na yarda da rabinta. Na yarda zaman tsaka-tsaki ba shi da riba, na yarda kuma ɗaukar Embiid ƙarfin hali ne wanda ya biya. Har ila yau a yaba wa Hinkie da ya tsinto Robert Covington da T. J. McConnell, waɗanda ba ƙungiyar da ta zaɓe su, suka zama 'yan wasa na kirki. Amma akwai abu uku da suka hana ni bin wannan ra'ayi har ƙarshensa.

Na ɗaya, faɗuwa ba ta sayen gwani, takardar ƙuri'a kawai take saye. Ku tuna rabo 25 cikin 100 ɗin nan: ma'anarsa ko ka zama na ƙarshe a ƙasa duka, sau uku cikin huɗu wani ne zai riga ka. Haka kuwa aka yi. Bayan shekara ta fari zaɓe na 3 suka samu, bayan ta biyu na 3, sai bayan ta uku suka sami na ɗaya. Duk akawun da ya taɓa riƙe littafin kuɗi ya san bambancin kuɗin da ke cikin akwati da kuɗin da ake sa ran za a biya. Faɗuwa 199 tabbas ce, an rubuta ta, masu kallo sun biya kuɗinta. Abin da aka saya da ita kuwa tsammani ne.

Na biyu, ko an ba ka fara ɗiba, sai kana da ido. A 2013 Filadelfiya tana da zaɓe na 6 da na 11, ta wuce wani siririn yaro haifaffen ƙasar Girka, ɗan iyaye 'yan Nijeriya, Giannis Antetokounmpo, har Milwaukee ta ɗauke shi a na 15. Ya zama gwanin gwanaye a 2019 da 2020, ya ci kofi a 2021. A 2014 suna da na 32 da na 39, Denver ta ɗauki Nikola Jokic na ƙasar Sabiya a na 41, shi ma ya karɓi lambar nan a 2021 da 2022 da 2024, ya ci kofi a 2023. Lalle za a ce ai sauran ƙungiyoyi ma sun wuce su, gaskiya ne kuwa. Amma wannan ne ma ke ƙarfafa maganata: ashe ana samun gwani ba sai an zubar da shekara uku ba. A 2015 kuma suka ɗauki Jahlil Okafor a na 3, alhali suna da Noel da Embiid, dukansu uku dogaye ne masu tsayawa wuri ɗaya a gindin kwando. Kristaps Porzingis ya tafi a na 4, Devin Booker a na 13. Kafin ƙarshen 2017 an rabu da Noel da Okafor duka, abin da aka karɓa a madadinsu kuwa bai taka kara ya karya ba.

Na uku, shi ne wanda ya fi damuna, domin ya shafi mutane, ba lissafi ba. Saurayi ɗan shekara 19 ko 20 ba sule ba ne da za ka ajiye a asusu ka tarar da shi yadda ka bar shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muka yi aikin ofis mun sani, sabon akawu ba daga littafin doka yake koyon aiki ba, daga babban akawun da ke zaune kusa da shi yake koyo: yadda ake zuwa da wuri, yadda ake haƙuri da faɗan shugaba, yadda ake gyara kuskure. A Filadelfiya an kwashe manya, aka bar yara su yi renon yara, suna fita fili dare bayan dare ana cinye su, sun kuma san shugabanninsu ba su damu ba. A ƙarshen 2015 Okafor, yana ɗan shekara 19, ya shiga rigima a kan titi a Bostan har ƙungiya ta dakatar da shi wasa biyu. Sai bayan haka aka komo da dattijo Elton Brand, a watan Janairu na 2016, don ya zauna da yaran. Da ma an yi haka tun fari.

Masu ƙungiyar da kansu haƙurinsu ya ƙare. A watan Disamba na 2015 suka kawo Jerry Colangelo suka ɗora shi bisa Hinkie, a watan Afrilu na 2016 kuwa Hinkie ya ajiye aiki, ya bar musu takarda mai shafi 13. A nan magoya bayansa ke cewa ai ba a bar shi ya gama ba, kuma abin da ya biyo baya ba laifinsa ba ne. Bari mu duba abin da ya biyo bayan. A 2016 aka ɗauki Ben Simmons na ƙasar Ostireliya a na ɗaya. A 2017 aka ba Bostan zaɓe na 3 da wani zaɓe a kai, don a hau na ɗaya a ɗauki Markelle Fultz. Fultz ya yi wasa 33 kacal a Filadelfiya aka ba da shi. Bostan kuwa da na 3 ɗin ta ɗauki Jayson Tatum, wanda ya ci kofi da ita a 2024. A 2018 zaɓen nan da aka karɓa a kan Carter-Williams ya nuna, ya zama na 10, aka ɗauki Mikal Bridges, ɗan yankin birnin, a daren nan kuma aka musanya shi da Zhaire Smith, wanda wasa 13 ya buga musu. Aka ba da Covington da Dario Saric a 2018 don a sami Jimmy Butler, shi kuma bai cika shekara ba ya tafi Miami, ya kai ta wasan ƙarshe a 2020 da 2023.

Gaskiya ne, ba Hinkie ya yi waɗannan ba, ba kuwa zan ɗora masa kayan da ba nasa ba. Amma ina tambaya: wanda ya shirya tafiyar shekara bakwai, alhali ya san masu raƙuman ba za su jure fiye da uku ba, shirinsa ya cika? Haƙurin masu dukiya, da haƙurin masu kallo, da idon sauran ƙungiyoyi waɗanda ake raba wani kashi na kuɗin shiga da su, duk suna cikin lissafi, ko da ba a iya rubuta su a allo. Wanda ya tara hatsi rumbu guda bai tanadi wanda zai riƙe mabuɗi ba, in aka yi ɓarna, ba za a ce ba ruwansa ɗungum ba.

Sakamako dai ga shi. Daga 2018 zuwa 2025 Filadelfiya ba ta wuce zagaye na biyu na wasannin fid da gwani ba, rabonta da zagaye na uku tun 2001. An fid da ita a wasa na bakwai a 2019, da 2021, da 2023. Simmons ya ɓata da ƙungiya aka ba da shi a 2022. A 2025 ta ci 24 aka cinye ta 58, ta sake komawa layin ƙuri'a, ta ɗauki V. J. Edgecombe a na 3. Abin mamaki kuma, Tyrese Maxey, wanda ya zama babban abokin aikin Embiid, a na 21 aka same shi a 2020, ba da wata faɗuwa ba.

Yanzu ku dubi wata hanya. A cikin watan nan na Mayu 2013 da aka naɗa Hinkie, ƙungiyar Toronto ta ƙasar Kanada ta naɗa Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. Shi ma ya rabu da manyan 'yan wasa masu tsada, amma bai rushe gida ba. Ƙungiyarsa ta shiga wasannin fid da gwani kowace shekara daga 2014 zuwa 2020. Ya ɗauki Pascal Siakam, wani ɗan Kamaru, a na 27 a 2016, ya ɗauki Fred VanVleet wanda ba a zaɓa ba sam, ya aika da su ƙaramar ƙungiyarsa suka goge. Da ya ga lokaci ya yi, a 2018 ya ba da DeMar DeRozan, ƙaunataccen birnin, ya karɓi Kawhi Leonard. A 2019 suka ci kofi, ba kuwa ko mutum ɗaya a cikinsu da aka zaɓa sama da na 15. A kan hanyarsu Filadelfiya suka kayar a wasa na bakwai, da ƙwallon da Leonard ya jefa a daƙiƙar ƙarshe, ta yi tsalle sau huɗu a bakin kwando kana ta faɗa. Za a ce ai sa'a ce, da ta fito waje da labari ya sake. Na yarda akwai sa'a. Amma mutanen Toronto, ko da ƙwallon nan ta fito, sun riga sun sha kallon wasa mai daɗi shekara shida. Mutanen Filadelfiya fa, me za a mayar musu na shekara ukun nan?

Kada kuma a ce na hana rushewa gaba ɗaya. Sam Presti na Oklahoma ya yi ta, amma da tsari. A 2019 ya ba da Paul George, ya karɓi zaɓe biyar na zagayen fari, tare da Shai Gilgeous-Alexander, saurayin da an riga an ga alamarsa. Ya ajiye shi shekara guda kusa da dattijo Chris Paul. Shekara biyu kaɗai suka yi a ƙasa, suka ci 22 da 24. A 2022 ya ɗauki Chet Holmgren a na 2 da Jalen Williams a na 12, mutane biyu masu aiki dabam dabam. A 2025 suka ci wasa 68, suka ɗauki kofi. Bambancin a fili yake: ya rushe ɗaki alhali ginshiƙin sabon yana hannunsa, bai daɗe a waje ba, bai kuwa bar yara su kaɗai ba.

Hukumar gasar ma ta ga illar abin. A 2017 ta yanke, daga 2019 aka fara aiki da shi, cewa ƙungiyoyi uku na ƙarshe kowace rabonta 14 cikin 100 ne, maimakon 25 ɗin da ta ƙarshe ke samu a dā. Doka ba ta canzawa sai an ga wanda ya bi ta ƙofar da aka manta ba a rufe ba.

Saboda haka ga ra'ayina a taƙaice. In ƙungiya ta tsufa ta rabu da tsofaffinta, ta sha wuya shekara ɗaya ko biyu tana renon yara da gaske, wannan gyara ne, ba wanda zai zarge ta. Amma ta shirya faɗuwa shekara uku, tana karɓar kuɗin mutane a bakin ƙofa, tana sa yara su saba da shan kashi, wannan ya wuce gyara. Hinkie ya gane dokar zaɓe fiye da kowa a zamaninsa, Embiid kuwa shaida ne. Abin da ya rage masa shi ne sanin cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙungiya mutane ce.

Na san cikin malaman makaranta da akawuna masu karanta wannan shafi akwai waɗanda za su ce na tsananta, musamman masu ƙaunar lissafi. Ina roƙonsu su rubuto, su amsa mini tambaya ɗaya: da ɗanka ne aka zaɓa yana da shekara 19, wace ƙungiya za ka so ta ɗauke shi, Filadelfiya ta 2015 ko Toronto ta 2016? Edita, in ka ga amsoshinsu ka buga, mu ƙaru da juna.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Akawu Mai Kallo